Yadda Ake Zaɓar Agogon Zamani da Amfani da Shi a Ƙauye

Bara da kaka, bayan an kai riɗi kasuwa, ɗan yayata ya dawo gida da agogon zamani a hannu, irin wanda ake haɗawa da waya. Kwana biyu yana bin majalisa yana auna wa mutane bugun zuciya. A na uku caji ya ƙare, ya kai wurin mai cajin waya, cajar ta ɓace cikin tarin igiyoyi, kuma duk garin babu mai irinta. Agogon yana nan cikin kwanon Inna har yau. Na ji zafin kuɗin nan ƙwarai, don na san ranar da yaron ya sha a gona kafin ya same su. Ni shekara biyu ke nan ina ɗaura irinsa, da shi nake zuwa makarantar da nake koyarwa, da shi nake shiga gona, kuma ya amfane ni. Ga yadda nake ba mutanenmu shawara su bi.

Da farko, duba wayar da ke aljihunka

Agogon nan jingine yake da waya, ta Bluetooth suke magana, kuma tazarar da suke jin juna ba ta cika wuce mita 10 ba. In akwai katangar ƙasa a tsakani, ba ma ta kai haka. Wanda ƙaramar waya mai madannai gare shi ya dakata tukuna, domin yawancin aikin agogon sai da manhaja, manhaja kuwa sai babbar waya.

Apple Watch, wanda ya fara fitowa a 2015, da iPhone kaɗai yake aiki. Galaxy Watch na Samsung, tun daga na 4 da ya fito a 2021, sai wayar Android. Mu da Tecno da Infinix da itel suka fi yawa a hannunmu, duk Android ne, don haka agogon oraimo, itel, Xiaomi ko Amazfit zai hau. In ka ga mai kama da na Apple sak ana sayar da shi kuɗin takalmi, kwaikwayo ne, ka san abin da kake saya.

Na biyu, batir, kuma nan ne gizo ke saƙar

Mutumin birni yana iya zaɓar agogo don kyan fuskarsa. Kai da wutar lantarki ba ta zama a garinku, tambayarka ta farko ga mai shago ita ce, kwana nawa yake yi? Manyan agogunan nan masu tsada kwana ɗaya zuwa biyu suke yi, a sake caji. Siraran nan masu kama da awarwaro, irin na Xiaomi, suna kai mako ɗaya zuwa biyu. Matsakaitan da ake amsa kira da su suna tsakani. A ganina, ga mazaunin ƙauye, duk wanda ba zai yi kwana biyar ba wahala ce aka saya da kuɗi.

Kwanakin da aka rubuta a jikin kwali na wanda ya taƙaita amfani ne. Abu uku ke cinye caji: yawan kira ta agogon, barin fuskarsa a kunne dare da rana, da kunna GPS mai bin sawun hanya. Ka rage hasken fuska, ka kashe abin da ba ka buƙata.

Sai caja. Yawancinsu ɗan maganaɗisu ne da ke manne wa bayan agogo, kuma kowane kamfani da irin tasa, ta waya ba ta shiga. Ka tambayi mai shago ko yana sayar da ita daban, in akwai ka sayi biyu tun ranar. Wani abin da na lura: wasu fawa-bank suna kashe kansu bayan ɗan lokaci, saboda wutar da agogo ke ja kaɗan ce, sai su ɗauka ba a jona komai ba. In haka ta faru ka jona wayarka tare da shi, ko ka yi amfani da ƙaramin sola na gida.

Na uku, ruwa da ƙura

A kwali za ka ga IP67 ko IP68. Lamba ta farko ta ƙura ce, kuma 6 ita ce ƙarshe, wato ƙura ba ta shiga, abin da ake buƙata da hunturu. Ta biyu ta ruwa ce: 7 na nufin zai jure zurfin mita 1 na minti 30, 8 kuma ya ɗara haka gwargwadon abin da kamfanin ya faɗa. Wannan ya isa ga zufa, ruwan sama da fantsalin alwala. Mai aiki cikin ruwa, kamar manomin shinkafa a Kura ko masunci a fadamar Haɗeja, ya nemi wanda aka rubuta 5ATM, wato wanda ya fi jure shiga ruwa. Ruwan zafi da sabulu kuwa duk a nisanta su.

Na huɗu, gwada shi a gaban mai shago

In da hali ka shiga Kano, kasuwar waya ta Farm Centre ko titin Beirut, inda kaya suke da yawa kuma za ka iya kwatantawa. Ko a ina ka saya, kada ka biya sai ka yi gwajin nan. Ɗaura agogon, ka kunna awon zuciya. Sa yatsu biyu a wuyan ɗaya hannun, ƙasan babban yatsa, ka ƙirga bugun na daƙiƙa 30, ka ninka biyu. Lambarka da ta agogon su zo kusa. Sannan ka tsuguna ka tashi sau 20, ka sake dubawa. Na gaskiya lambarsa za ta hau. Na bogi yakan tsaya yana yawo tsakanin saba'in da wani abu, ko kana zaune ko kana haki, har in ka cire shi ka ajiye a kan tebur ya ci gaba da ba ka lamba.

Fita da shi waje ka ga ko ana iya karanta fuskarsa cikin rana, don a gona babu inuwar shago. Yi taku 100 kana ƙirgawa ka ga abin da ya rubuta. Karɓi rasit, ka ji ko akwai garanti.

Na biyar, haɗa shi da waya

Cika shi da caji. A cikin takardar kwalin akwai sunan manhajarsa, ko ɗan murabba'in nan na QR da ake haskawa da kyamara. Na Amazfit sunanta Zepp, na Xiaomi kuma Mi Fitness. Sauke ta daga Play Store a inda sabis yake da ƙarfi, kunna Bluetooth, ka haɗa agogon daga cikin manhajar. Mutane da yawa suna fara haɗawa ta saitin Bluetooth na waya, sai saƙo ya ƙi shigowa su ce agogon ya lalace.

Za ta tambayi shekarunka, tsayinka da nauyinka. Faɗi gaskiya, don da su take lissafi. In ba ka san nauyinka ba, hau sikelin asibitin sha-ka-tafi. Sannan ka ba ta izinin ganin kira da sanarwa, ka shiga saitin batir na waya ka ce kada a rufe ta a bayan fage. Wayoyinmu suna yawan kashe manhajoji don tattalin caji, kuma shi ne babban dalilin da agogo ke yankewa da waya. Data kuwa akasari ta saukar da manhajar ce, maganar agogo da waya ta Bluetooth ba ta cin ko sisi.

Na shida, motsa jiki

Makon farko kada ka canza komai. Ɗaura shi a hannun da ba ka cika aiki da shi ba, yatsa ɗaya sama da ƙashin wuyan hannu, ya kama fata ba tare da ya matse ba. Yi harkokinka, ranar bakwai ka duba takun da kake yi a rana. Daga nan kake ɗorawa, ka ƙara kamar taku 1,000, in jiki ya saba ka sake ƙarawa.

Agogon zai zo da burin taku 10,000. Asalin lambar nan talla ce: a 1965 wani kamfani a Japan ya fitar da na'urar ƙirga taku mai suna da ke nufin taku dubu goma, lambar ta bi duniya. Ma'aunin da ya fi dacewa a riƙe shi ne na Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ta ce babban mutum ya samu minti 150 zuwa 300 a mako na motsa jiki matsakaici. Minti 30 sau biyar ke nan a ƙalla, da tafiyar da za ka iya magana a cikinta amma ba za ka iya rera waƙa ba.

Manomi da damina ya wuce wannan tun kafin hantsi, ba ya buƙatar agogo ya gaya masa. Waɗanda nake jin tsoro su ne tela da ke kan keke tun safe, mai shago, ɗan acaɓa, malami irina, iyayenmu mata da ba su cika fita ba, da dukanmu da rani, in an gama girbi aka koma zaman inuwa da shayi mai sukari. Ni da na duba lambar makona na farko cikin rani, hankalina ya tashi, don babur nake hawa ko masallaci za ni. Yanzu da ƙafa nake zuwa makaranta bayan an karya, da ƙafa nake dawowa. A watan Afrilu da Mayu, da zafi kan haura digiri 40, ka yi tafiyarka bayan asuba ko da la'asar sakaliya, da ruwa a gora. Da azumi ka bari sai bayan an sha ruwa.

Ka sani motsin hannu yake ji ya kira shi taku. Matar da ta yi surfe ko daka za ta ga dubbai ba ta bar bakin turmi ba. Babur a kan burji ma yana ƙara masa lamba. Mai turin baro kuwa, da yake hannunsa a kafe yake, yakan yi tafiya mai nisa a rubuta masa kaɗan. Don haka ka riƙa kwatanta yau da jiya naka, kada ka yi gasa da lambar wani.

Bugun zuciya kuma koren hasken nan na bayan agogo ke karanta shi: jini yana shanye koren haske, daga raguwa da ƙaruwar hasken da ya dawo ake gane bugu. Auna da safe kana zaune, kafin shayi. Ga babba, 60 zuwa 100 a minti shi ne daidai. In kullum yana wuce 100 kana hutawa, ko yana tare da jiri, haki ko ciwon ƙirji, asibiti za ka nufa ranar.

Abin da agogo ba zai yi maka ba

Wannan ya fi komai damuna. Kawuna mai hawan jini ya ari agogon wani yaro ya auna, ya kira ni da murna: "Malam, zo ka gani, jinina ya sauka, na huta da ƙwayar nan." Na durƙusa na ce, "Kawu, Allah ya ƙara muku lafiya, kada ku bar maganin. Gobe in kai ku a auna da na asibiti." Da aka ɗaura masa na'urar da ke matse damtse, jinin yana sama. Lambar hawan jini a ƙananan agogunan nan ƙiyasi ce kawai. Ko na Samsung da ke da wannan aiki, sai an daidaita shi da na'urar damtse duk mako huɗu. Batun suga ya fi haɗari: a watan Fabrairun 2024 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta gargaɗi mutane kada su yi amfani da agogo ko zobe da ke iƙirarin auna suga ba tare da huda fata ba. Duk mai ciwon suga a gidanku, ku gaya masa wannan.

Na bakwai, kira da saƙo

In kana son amsa kira, tabbatar agogon yana da lasifika da makirufo, don wasu nuna maka sunan mai kira kawai suke yi. Amfaninsa a fili yake: hannunka cikin taɓo kana dashen shinkafa, waya na cikin riga a kan kunya, ka ga wanda ke kira ka amsa ba ka ɓata ta ba. Uwargida na tuƙin tuwo, waya na caji a ɗaki, ta san ko maigida ne. A kan babur kuwa ka tsaya gefe tukuna. Amma ka tuna lasifika ce, duk wanda ke kusa yana jin zancenku, maganar kuɗi ko ta iyali ka ɗauki waya.

Saƙon WhatsApp da na tes zai fito a fuskarsa. Masu araha karantawa kawai ake yi, ba a mayar da amsa, ba sa kunna saƙon murya, wasu ma ba su san ƙ da ɗ da ɓ ba, sai su nuna ɗan akwati a gurbinsu. Shiga manhaja ka zaɓi waɗanda za su riƙa zuwa. In ka bar Facebook da duk zaurukan WhatsApp a buɗe, hannunka ba zai huta da karkarwa ba, batir ma haka. Ka kula da saƙon banki da lambar sirri ta cire kuɗi, a majalisa wanda ke gefenka yana iya karantawa. In akwai saitin ɓoye abin da saƙo ya ƙunsa, kunna shi.

Ƙararrawarsa ta karkarwa tana tashe ka asuba ko sahur ba tare da an tashi yara ba. Kafin shiga sahu ka sa shi a shiru. Lokacin alwala ka cire shi ruwa ya kai fata, ka bari hannu ya bushe kafin ka mayar, don zufa da danshi a ƙarƙashin robar suna kawo ƙaiƙayi. Duk Juma'a ka goge bayansa da ɗan tsumma mai laima, musamman ƙarafunan da caja ke taɓawa, datti na hana su kamawa. Ranar da za ka sayar da shi ko ka ba ƙaninka, cire shi daga manhajarka, ka shiga saitinsa ka goge komai, sannan ka miƙa masa tare da cajar.