Darasi na 14: Hayaƙin Masana'antu da Lafiyar Ƙirji

Duk wanda ya bi ta Sharaɗa ko Challawa a Kano da sassafe ya san wari ke fara tarar mutum kafin ya hango ginin masana'anta. Kusa da majemu kamar na ruɓaɓɓen ƙwai, a wani wurin kuma ƙauri ne mai shaƙe maƙogwaro. Mace za ta shanya farar riga a igiya, da la'asar ta kwaso ta da ɗigo-ɗigon baƙi. Irin abin da ya sauka a rigar nan shi 'ya'yanta suka wuni suna shaƙa.

Da yawa cikinmu muna zaton doka ta hana masana'anta fitar da hayaƙi ɗungurungum. Abin da doka ta yi shi ne ta sa iyaka. A Nijeriya hukumar NESREA, wadda aka kafa a 2007, ita ke sa ido kan bin dokokin muhalli, kuma a 2014 aka fitar da ƙa'idojin kula da tsabtar iska. Masana'anta za ta nemi takardar izini, a auna abin da bututunta ke fitarwa, kada ya wuce adadin da aka yanka.

Sai dai huhu bai san takarda ba. Masana'antu goma a unguwa guda, kowace tana iya tsayawa cikin iyakarta, amma iskar ɗaya ce, a cikinta hayaƙinsu duka yake haɗuwa. Ga na janareto, ga na manyan motoci, ga ƙurar hunturu.

Mafi sharri shi ne wanda ido ba ya gani. Akwai ƙurar da silin gashi ya ninka ta kauri wajen sau 30. Gashin hanci ba ya tare ta. Can ƙasan huhu take sauka, wata ma ta ratsa cikin jini. Ita ke tayar da fuka, ta jawo tari mai naci da ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gurɓatacciyar iska, ta waje da ta cikin gida, tana kashe kusan mutum miliyan 7 a shekara. A 2021 hukumar ta ƙara tsaurara ma'auninta, don an gano ko 'yar kaɗan ma tana cutarwa. Jarirai da tsofaffi da masu juna biyu su suka fi jin jiki.

Idan hayaƙi ya kwanto da asuba, a rufe tagogi, a bar yara a ɗaki har rana ta ɗaga. Tarin da ya kai mako biyu, asibiti za a je, a daina sayen magani a kemis. Ku da kuke koyon rubutu kuwa, ku riƙa rubuta rana da lokacin da hayaƙin ya yi yawa. Mai unguwa ya fi samun abin kai wa hukuma idan an haɗa masa da takarda.

Aikin gida: rubuta jimla uku kan warin ko hayaƙin da ya fi damun unguwarku, da lokacin da yake tasowa.