Sabon mai gabatarwa zai gaji shirin kacici-kacici: wuraren da ake yawan tafka kuskure

Abin da na lura da shi a shekarun da na yi a bayan kyamara shine, duk sanda sabon mai gabatarwa ya karɓi shirin kacici-kacici ya kasa, shi ake zagi a Facebook, alhali wallahi yawancin laifin na waɗanda suka shirya shi ne. An kai shi wajen tela an ɗinka masa shadda kala biyar, an yi masa hotuna, an yi sati ana tallan fuskarsa, amma babu wanda ya zaunar da shi ya ce to malam ga yadda wasan nan yake tafiya.

A wata tasha da na taɓa yi wa aiki, ranar ɗaukar farko ta sabon mai gabatarwa, ya tambayi wata ɗaliba babban birnin jamhuriyar Nijar, yarinya ta ce Niamey, shi kuma katin da ke hannunsa an rubuta Yamai, kawai sai ya girgiza kai ya ce ayya ba ki dace ba. Yarinya ta tsaya tana kallonsa, malaminta da ke cikin 'yan kallo ya miƙe tsaye yana ɗaga hannu, dole darakta ya ce a tsaya. Da aka gyara aka ci gaba kuma sai ɓangarorin biyu suka yi kunnen doki a ƙarshe, bawan Allah ya juyo yana kallonmu da ido yana jiran a faɗa masa me ake yi, don ba a taɓa gaya masa akwai tambayoyin raba gardama a cikin ambulan ba. Shiri na minti 30 sai da muka kusa awa uku a kansa, fitilun situdiyo sun dafa kowa.

Shi yasa kullum nake cewa dokokin wasa su ne farko, kuma ba wai a miƙa masa takarda ya je gida ya karanta ba. A sa shi ya buga wasan da kansa a matsayin ɗan takara, ya ji yadda ƙirji ke bugawa in agogo na tafiya, sannan ya dawo kujerar mai gabatarwa a kawo masa ma'aikatan tasha su zama 'yan takarar ƙarya, kuma da gangan su riƙa ba shi wahala, wani ya amsa kafin a gama tambaya, wani ya ba da rabin amsa, wani ya canja magana bayan an buga ƙararrawa, wata ta fashe da kuka. A kan kowane kati kuma a rubuta duk amsoshin da za a karɓa, musamman mu da muke da karin harshe kala-kala, abin da Bakano zai kira da wani suna Basakkwace ko Badamagare da wani sunan ya san shi. In amsa ta zo da ruɗani, ba shi ne alƙali ba, a koya masa ya ce bari mu ji daga alƙalanmu, ba abin kunya bane. Ku duba The Price is Right na Amurka, wasanni sama da 70 ne a cikinsa kowanne da dokarsa, Bob Barker ya yi shekara 35 yana gabatarwa daga 1972 zuwa 2007, duk wanda zai gaje shi ai sai ya koma makaranta, kuma haka Drew Carey ya zo ya koye su ɗaya bayan ɗaya.

Kuskuren da ya fi ci min rai kuwa shine a ce wa sabo ya zama tsohon. Ka ji furodusa yana cewa a'a, Alhaji ba haka yake buɗe shiri ba, sai ya yi dariya tukuna sannan ya buga tebur. To ai Alhajin ya tafi. Masu kallo sun san asali, da sun ga kwaikwayo za su gane, kuma kwaikwayon ne ma zai riƙa tuna musu da wanda suke kewa. Abin da ake riƙewa shine ƙashin bayan shiri, kiɗan buɗewa, tsarin zagaye, kalmomin da suka zama na shirin ba na mutum ba, irin yadda a Who Wants to Be a Millionaire dole a tabbatar da amsar ƙarshe kafin a kulle ta ko waye ke kan kujera. Amma barkwanci da salon gaisuwa da yadda ake tsokanar ɗan takara, wannan a bar kowa da nasa. Jeremy Clarkson da ya karɓi Who Wants to Be a Millionaire na Ingila a 2018 bai tsaya yana kwaikwayon Chris Tarrant da ya riƙe shirin daga 1998 zuwa 2014 ba, da gatsalinsa ya zo, wasu suka so wasu suka ƙi, shiri dai ya ci gaba.

Sai kuma masu ganin suna kawai ya isa, a ɗauko jarumin fim ko mawaƙi mai mabiya miliyan a ce ai shikenan an gama. Mu da muka taso da finafinan Indiya mun san babu wanda zai ce Shah Rukh Khan ƙaramin tauraro ne, amma da ya karɓi Kaun Banega Crorepati, wato Who Wants to Be a Millionaire na Indiya, a 2007 zango ɗaya ya yi, da shirin ya dawo a 2010 Amitabh Bachchan aka sake ɗaukowa, wanda ya faro shi tun 2000. A nan Najeriya ma Frank Edoho ya gabatar da namu daga 2004 zuwa 2017, da aka farfaɗo da shirin a 2022 shi ɗin dai aka kira. Jarumi ya saba kyamara nasa ce, a kacici-kacici kuwa tauraron shine ɗan takarar nan da ke zufa a kan kujera, aikin mai gabatarwa ya haska shi ya koma gefe. In sabon naku tauraro ne to wannan ne darasin da zai fi yi masa wuya, a nuna masa bidiyon gwajinsa a ƙirga masa minti nawa ya yi yana surutu, minti nawa ɗan takara ya samu. Yawanci da sun gani da idonsu jikinsu yake sanyi.

Yadda ake zaɓen ma akwai gyara. Bayan rasuwar Alex Trebek a Nuwamba 2020, mutumin da ya riƙe shirin kacici-kacicin Amurka mai suna Jeopardy! tun 1984, an yi watanni ana kawo baƙin masu gabatarwa kowa ya yi ɗan lokaci, masu kallo suka ɗauka gwaji ne na gaskiya kowa ya kama nasa gwanin, sai a Agusta 2021 aka sanar da cewa babban furodusan shirin da kansa, Mike Richards, shi zai gaje kujerar. Kwana tara tsakani ya sauka, bayan an tono wasu tsofaffin maganganunsa na cin fuska da ya yi a wani shirin sauti na intanet, shirye-shirye biyar kacal ya ɗauka. Daga baya dai kujerar ta tsaya a hannun Ken Jennings, tsohon ɗan takara da ya ci wasa 74 a jere a 2004. Kenan kafin ku sanar da suna ku zauna ku bi tsofaffin rubuce-rubucensa na Facebook da bidiyoyinsa na TikTok tas, don in baku bi ba akwai masu data da lokaci da za su bi muku, kuma wanda ke cikin masu zaɓe kada ya zama cikin waɗanda ake zaɓa.

Gaggawa ma tana kashe shiri. Masu shirin Wheel of Fortune na Amurka sun sanar da Ryan Seacrest a matsayin sabon mai gabatarwa tun Yuni 2023, tsohon, Pat Sajak, ya yi bankwana a Yuni 2024 bayan sama da shekara 40, sabon bai fito ba sai Satumba, kuma suka bar abokiyar gabatarwa Vanna White da ke wurin tun 1982 don masu kallo su ga fuskar da suka sani. Mu kuwa sai azumi ya rage kwana huɗu, mai ɗaukar nauyi ya kawo buhunan shinkafa da katin waya, sannan ake neman wanda zai gabatar. In ba za a samu shekara ba, ko wata ɗaya a samu, kuma kada a haɗa canjin mai gabatarwa da canjin situdiyo da kiɗa da lokacin shiri duk a rana ɗaya. In tsohon yana raye kuma an rabu lafiya, a roƙe shi ya fito ya miƙa wa sabon makirufo a gaban jama'a, a wajen mutanenmu wannan albarkar tana da nauyi sosai.

Akwai ƙananan abubuwa da ake rainawa. Abin kunnen da darakta ke magana ta ciki, wanda bai saba ba sai ka ga ya tsaya cak a tsakiyar jimla ko ya amsa da to ranka ya daɗe a gaban kyamara, wannan sai da gwaji, kuma shi ma darakta ya rage surutu, kalma biyu ta isa, talla, saura minti ɗaya. Fuska ma tana tona asiri, wani in ɗan takara ya doshi amsar daidai sai gira ta ɗaga, shi yasa gara kada amsa ta bayyana a gabansa sai an kulle, in kuma kati ne a hannunsa ya koyi riƙe shi yadda kyamara da 'yan kallo ba za su hango ba. Sunayen 'yan takara da garuruwansu ya maimaita su kafin a fara, ya je ya gaisa da su a ɗakin jira, ya san wace ce Hajiya wane ne Malam, kada yaro ɗan shekara 28 ya kira sa'ar mahaifiyarsa da gatsal ɗin sunanta ko ya yi wa dattijo dariya don ya faɗi tambaya mai sauƙi.

Sannan juriya. Irin waɗannan shirye-shiryen a jere ake ɗaukarsu, Jeopardy! biyar suke yi a rana ɗaya mai gabatarwa yana canja kaya tsakani, to gwajin ƙarshe ya zama irin wannan ranar sak, daga safe har yamma a tsaye cikin zafin fitila, don a ga yadda muryarsa da fara'arsa za su kasance a shiri na huɗu bayan la'asar. Mutumin nan namu na Yamai sai da muka dakatar da ɗauka na sati biyu muka yi masa duk wannan, masinja da mai shara da direban tasha su ne 'yan takararsa, direban ma har yau yana cewa ana riƙe masa kyautar firji.