Yadda za ka sauya wayar Samsung zuwa wata ba tare da asara ba

Wanda ya daɗe yana riƙe wayar kamfani ɗaya ya san amfanin hakan. Hannunsa ya san inda komai yake, cajarsa da agogonsa da abin sauraronsa na kunne duk suna aiki da sabuwar da zai saya, kuma kwashe kaya daga tsohuwa zuwa sabuwa ba ya ba shi wahala. Sai dai Hausawa sun ce sabo turken wawa. Zama da kamfani ɗaya yana da riba ne idan kai ne kake yanke lokacin sauyi da irin wayar da za ka ɗauka bisa lissafi, kuma kayanka suna ajiye inda za ka iya ɗaukarsu duk ranar da ka ga dama. Mun ɗauki Samsung Galaxy ne domin tana da yawa a hannun mutanenmu, sabuwa da ta hannu, daga Farm Centre a Kano har Computer Village a Ikeja.

Yaushe ya kamata a sauya?

Fitowar sabon samfuri ba dalili ba ne. Samsung na fitar da jerin S, wato manyan wayoyinta masu tsada, a farkon kowace shekara, kuma bambancin ta bana da ta bara ƙanƙani ne ga mai kira da WhatsApp da banki da hoto. Abin da ya fi cancanta ka duba shi ne ko kamfanin yana ci gaba da aiko wa wayarka gyaran tsaro. Shiga Settings, ka gangara About phone, sai Software information, ka nemi layin da aka rubuta Android security patch level. Idan ranar da ke wurin ta haura shekara guda, kuma ka danna Software update ta ce babu sabo, to an daina kula da wayar. Za ta ci gaba da kira da karɓar saƙo, amma duk ɓarakar da aka gano bayan wannan rana tana nan a buɗe, ga shi kuma a cikinta kake tura kuɗi.

Wa'adin ya bambanta. S21 da S22 da S23, da na jerin A masu sauƙin kuɗi irin su A54 da A55, an yi musu alƙawarin sabuwar Android sau 4 da gyaran tsaro na shekara 5. Daga S24, wadda ta fito a Janairun 2024, jerin S ya koma shekara 7. A16 da A26 da A36 da A56 suna da shekara 6. Inda mutane ke ruɗewa shi ne daga ina ake fara ƙirga. Daga ranar da samfurin ya fito kasuwa ne, ranar da ka saya ba ta shiga lissafi. S23 ta fito a Fabrairun 2023, don haka wa'adinta na ƙarewa a 2028 ko da jiya ka ɓare ta a kwali.

Wannan ne ma'aunin da ya dace a riƙe wajen ciniki. A ce an yi maka tayin tsohuwar S mai sauran shekara 1 a kan naira dubu 300, da wata A mai sauran shekara 4 a kan dubu 400. Ta farko tana cin dubu 300 a shekara, ta biyu dubu 100. Tsohuwar S za ta fi kyamara da kyan gani, ba a musu, amma ka san abin da kake biya.

Idan kuwa ƙorafinka caji ne kawai, kada ka yi gaggawar sayar da waya. Batirin lithium yana raguwa da yawan caji da zafi, kuma bayan shekara biyu zuwa uku raguwar takan fito fili. Buɗe manhajar Samsung Members, ka shiga Diagnostics, ka gwada Battery status, za ta nuna ko yana da kyau ko ya yi rauni. Canjin batir a wurin mai gyara na kirki yakan ƙara wa waya shekara ɗaya ko biyu da kuɗin da bai kai ko kusa da na sabuwa ba. Abu biyu za ka sani: da an buɗe bayan waya, gam ɗin da ke hana ruwa shiga ba ya komawa yadda kamfani ya yi shi, sai ka riƙa kiyaye ta da damina. Na biyu, idan ka ga murfin baya ya fara ɗagawa, batir ne ya kumbura. A daina cajin nan take, kada a matsa shi, a kai gyara a ranar.

Abin da sabuwar ba za ta zo da shi ba

Kada ka ɗauka duk abin da tsohuwarka ke da shi sabuwar ma tana da shi don kamfani ɗaya ne. Ramin abin sauraro mai waya ya ɓace daga Note 10 a 2019 da S20 a 2020. Daga S21 a 2021 aka cire wurin memori a jerin S, aka kuma daina sa kan caja a kwali. A55 tana karɓar memori, A56 ba ta karɓa. Mai memori cike da karatu da wa'azi da hotunan biki ya lissafa wannan tun kafin ya biya: ka duba yawan abin da ke cikin wayarka da na memorinka, ka haɗa, ka sayi wadda ma'ajiyarta ta ninka hakan. Wanda ya riga ya cika 100GB bai kamata ya sayi mai 128GB ba, tunda manhajar wayar kanta tana cin wani kaso.

Batun caja ma yana da ƙa'ida. Tsohuwar cajar Samsung mai faffaɗan baki 15W take bayarwa. Caji mai sauri na 25W da 45W yana buƙatar kai mai ramin USB-C wanda aka rubuta PD da PPS a jikinsa, kuma na 45W yana son igiya mai ɗaukar 5A. Cajar wani kamfani mai babbar lamba tana iya cajin Samsung a hankali, saboda yarensu na caji ba ɗaya ba ne. Za ka gane ta kama daidai idan allo ya rubuta Super fast charging.

Idan ta hannu za ka saya

Yawancin masu bin jerin S a wurinmu 'yar Landan suke saya, ko su yi suwaf, wato su ba da tasu su yi ciko. Kada ka bar shagon sai ka yi gwaje-gwajen nan, ko da mai shago na nuna sauri.

Danna *#06# ka ga lambar IMEI, wato lambar shaidar wayar, ka gwada ta da ta jikin waya ko kwali, ka sa a rubuta ta a rasit. Sa layinka ka kira wani, ka kunna data, domin wasu wayoyin Amurka a kulle suke da layin kamfanin can. Harafin ƙarshe na lambar samfuri yana faɗin inda aka yi wa wayar: B ko E na kasuwar duniya, U na Amurka, N na Koriya. Na Amurka galibi sim ɗaya suke ɗauka sai eSIM, wato sim ɗin da ke cikin wayar ba na sakawa ba, don haka mai layi biyu ya lura.

Sannan danna *#0*#. A mafi yawan Galaxy wani allon gwaji zai buɗe. Taɓa Red da Green da Blue ɗaya bayan ɗaya, ka ƙura ido. Kana neman inuwar tsofaffin rubutu da ta ƙone a sikirin, musamman a sama wurin agogo da ƙasa wurin madannai, da siririn layi kore ko ruwan hoda daga sama zuwa ƙasa. Layin nan ba ya gyaruwa sai da canjin sikirin, kuma irin wannan sikirin, AMOLED, yana cikin abubuwa mafi tsada a jikin wayar. Shiga Touch ka bi akwatunan da yatsa har gefe-gefe. Ka yi rajistar zanen yatsanka a gaban mai shago: idan an sauya sikirin da na bogi, na'urar yatsa da ke ƙarƙashinsa takan ƙi aiki, baƙin launi kuma ya yi toka-toka maimakon baƙi ƙirin.

Gwada buɗe Secure Folder, wato ma'ajiyar sirri da ke cikin wayar Samsung. Idan ta ƙi tana cewa an taɓa manhajar wayar, to an taɓa yi mata kutse har tsaron Samsung da ake kira Knox ya karye, kuma wannan ba ya komawa. Ka kuma tambaya ko wayar biya-sannu-sannu ce, domin irinsu ana iya rufe su daga nesa idan mai ita na farko bai gama biya ba. Ƙarshe, a goge wayar gaba ɗaya a gabanka, a haɗa ta da intanet, ka ga ta wuce matakin farko ba ta nemi akawun ɗin Google na wani ba.

Kafin ka taɓa sabuwar

Nan ne aka fi yin asara, kuma kusan kullum dalili ɗaya ne: mutum bai san kalmar sirrin Gmail ɗinsa ba, don a shago aka buɗe masa shekarun baya. Tun tsohuwar wayar na hannunka, ka tabbatar ka san adireshi da kalmar sirri na Google da na Samsung, kuma lambar wayar da ke jikinsu layin da kake riƙe da shi ne yanzu. Idan tsohon layi ne da ya mutu, canza shi yau, domin can za a tura lambar tabbatarwa.

Duba inda lambobin mutane suke. Waɗanda ke kan sim ko cikin waya, ka mayar da su akawun ɗin Google ta Manage contacts. A WhatsApp shiga Settings, Chats, Chat backup, ka danna Back up ka jira ya kai ƙarshe. Ajiyar WhatsApp yanzu tana cin wuri daga 15GB ɗin da Google ke bayarwa kyauta, saboda haka idan ya cika ajiyar ta tsaya ba ka sani ba; karanta ranar ajiya ta ƙarshe da idonka. Ka tuna PIN ɗin matakin tabbatarwa biyu idan ka sa. Abin da ke cikin Secure Folder, fito da shi waje kafin kwashe kaya. Mai amfani da Google Authenticator ya yi Transfer accounts ta lambar QR yayin da wayoyin biyu ke gabansa.

Kwashe kaya da Smart Switch

Caja wayoyin biyu su haura kashi 80. Buɗe Smart Switch, manhajar Samsung ta kwashe kaya, a duka biyun. A tsohuwa zaɓi Send data, a sabuwa Receive data, sannan Galaxy. Igiya mai USB-C a kai biyu ta fi sauri da tabbas. Idan babu, zaɓi Wireless. Wayoyin suna haɗuwa da juna kai tsaye, ba sa cin datarka, sai dai a ajiye su kusa da juna. Zaɓi Everything, ko Custom idan kana son barin tarkacen bidiyon guruf. Idan kana da memori kuma sabuwar ba ta da wurinsa, ka sa alama a kansa a jerin. Lokacin ya danganta da yawan kaya, daga mintuna kaɗan zuwa fiye da awa. Idan aiki ya tsaya a tsakiya, yawanci igiyar ce ta caji kawai, ko ƙura ta toshe ramin caji, ko wuri ya ƙare a sabuwar.

Saƙonni da tarihin kira da hotuna da ƙararrawa da tsarin allo duk za su biyo. Manhajojin banki za su bayyana amma ba a shiga ba. Kowane banki zai ɗauki sabuwar a matsayin baƙuwar na'ura, ya turo OTP zuwa layin da ka yi rajista da shi, wani ya nemi lambobin katin ATM ko hoton fuska. Yi wannan a ranar aiki da rana, yadda idan ya ƙi za ka iya zuwa reshe. Zanen yatsa da fuska ba sa ƙaura, sai an sake su. Agogon Galaxy Watch 4 zuwa sama, idan manhajarsa ta kai ta zamani, yana da Transfer watch to new phone a cikin Galaxy Wearable, ba sai an goge shi ba.

Riƙe tsohuwar kamar mako guda kafin ka rabu da ita. A cikin kwanakin nan ne za ka gano takardar da ba ta zo ba ko manhajar da ta ƙi buɗewa. Masu suwaf a shago su ne wannan ya fi shafa: gara ka biya, ka nemi kwana biyu, da ka miƙa waya a tsaye a kasuwa.

Goge tsohuwa

Cire sim da memori. Shiga Settings, Accounts and backup, Manage accounts, ka cire Google da Samsung. Sannan General management, Reset, Factory data reset. Kada a goge ta da maɓallan gefe alhali akawun na ciki, domin za ta tashi tana neman Gmail ɗinka, wanda ya saya ya dawo yana nemanka, ko ya kai a yi mata fulashin.

Kada kamfani ya riƙe ka da kayanka

A 2016 Samsung ta janye Note 7 daga kasuwa saboda batir mai kama wuta. Jerin Note ya tsaya a Note 20, alƙalaminsa ya koma S22 Ultra a 2022. A 2021 ta rufe ajiyar hotuna a Samsung Cloud ta tura mutane OneDrive. Kamfani yakan sauya hanya ba tare da ya shawarci kowa ba, don haka muhimman kayanka su zauna inda kowace waya za ta iya buɗewa: lambobi da kalanda a Google, hotuna a kwafe a kwamfuta ko filas duk bayan 'yan watanni, muhimman rubutun Samsung Notes a fitar da su PDF. Kafin ka sayi agogo ma ka sani cewa Galaxy Watch 4 zuwa sama ba ya aiki da iPhone, kuma wasu ayyukansa, kamar gwajin zuciya na ECG, sai da wayar Samsung.

A sabuwar kuma, tun ranar farko shiga Battery ka kunna Battery protection. Matakin Maximum yana tsayar da caji a kashi 80, tsofaffin samfura a 85. Inda wuta ba ta da tabbas kana iya kashe shi ranar tafiya ka cika 100. Zafi ya fi komai kashe batir a ƙasarmu: kada a bar waya a gaban mota cikin rana, kada a yi caji a ƙarƙashin matashi, kuma a watannin bazara a cire mata riga mai kauri lokacin caji.