Yadda Ake Ziyartar Elmina da Gabar Tekun da ke Kewaye da Ita

Kuskuren da na fi gani wurin masu zuwa garin Elmina na ƙasar Ghana karo na farko shi ne su taso daga Accra da hantsi, da niyyar haɗa Elmina da Cape Coast da dajin Kakum a wuni guda. Ba ya yiwuwa. Ka ware kwana biyu, ka kuma bar tashar motar Kaneshie da ke Accra da asuba, domin cunkoson Kasoa, garin da sunansa ya fito daga kalmarmu ta kasuwa, yakan cinye wa matafiyi safiyarsa. Ka sauka a Cape Coast, inda masauki ya fi yawa, sannan ka hau tasi ta haɗaka zuwa Elmina, wadda ta fi shata araha nesa ba kusa ba.

Da sansanin Elmina, tsohon ginin da aka riƙa tsare bayi a ciki, za ka fara. Turawan Fotugal ne suka gina shi a 1482, na Holan suka ƙwace shi a 1637, Ingilishi suka karɓa a 1872. Bayan ka biya kuɗin shiga, ka jira ɗan rakiya, kada ka kutsa kai kaɗai, domin bango ba ya magana. A nan ne na ga mutane da yawa suna ɓata ziyararsu, su shiga kurkukun da aka tsare mata bayi da waya a sama, suna neman inda hoto zai yi kyau. Ka sa wayarka a aljihu. Ka tsaya har idonka ya saba da duhun, ka ji ɗumin ɗakin da warin raɓa da ya kama duwatsun, sannan ka fito tsakar gida ka ɗaga kai ka ga barandar da gwamna yake tsayawa yana zaɓen wadda za a hau masa da ita. Ƙofar da ake fitar da bayi zuwa jirgi kuwa siririya ce, mutum ɗaya take ɗauka, kuma a ganina bai kamata a ɗaga murya a gabanta ba. Ka nemi a nuna maka ɗakin da aka tsare Sarkin Asante Prempeh na Ɗaya a 1896.

Idan ka fito, ka hau tudun sansanin St. Jago, inda za ka hango kwale-kwalen masunta cike da bakin ruwan Benya. Amma ka sani masunta ba sa fita teku ranar Talata, kuma ka nemi izini kafin ka ɗauki hoton masu sayar da kifi.

Washegari ka yi sammakon Kakum domin gadar igiya da ke saman itatuwa, da yamma ka shiga sansanin Cape Coast. Idan lokaci ya rage ka leƙa gaɓar Brenu, sai dai kada ka yi nisa cikin ruwa, igiyarsa tana da ja.