Darasi na 7: Fegin da ya zama bola, mu mai da shi garka

A Zariya, a Ali Ɗan Sofo, a Burja, kusan kowace unguwa ta Maradi tana da wani fili da ke zaune babu gini. Lokacin da aka yanka fegi, an bar shi ne don makaranta, ko likita, ko kasuwa. Aikin bai zo ba tukuna. Sai leda ta taru, awaki su shiga, da damina ruwa ya kwanta, sauro ya samu gida. Wannan filin yana iya ba mu ganyen miya.

Kada ku fara da fartanya. Ku fara da takarda. Filin na gari ne, ba na mai unguwa ba, ba na wanda ya riga kowa sharewa ba. Ku taru maza da mata, ku gaya wa mai unguwa, ya raka ku meri. Garin Maradi yana da ƙananan hukumomi 3, sai ku je wadda unguwarku take ciki. Ku roƙi aron filin, a rubuta, a buga hatimi. Takardar ta faɗi iyakar filin, da yawan shekarun aro, da wata nawa za a ba ku sanarwa idan gari ya tashi gini. Na ga wasu mata da suka yi wata 2 suna kwasar shara da kwando, salatinsu ya fara kyau, sai motar bulo ta zo ta sauke kaya a kai. Alkawarin baki kawai suka riƙe. Abin ya daɗe yana cin raina. Ku da kuka koyi karatu yanzu, ku karanta takardar da idonku kafin ku sa hannu.

Tunda aro ne, ban da gini, ban da dashen mangwaro. Darni ya isa, ko waya idan akwai hali.

Sai ruwa, kuma nan ne aikin yake. Tun ambaliyar 1945 gari ya bar bakin gulbi ya hau tudu. Masu garka a Jiratawa da bakin Gulbin Maradi ruwa yana kusa da su, mu na tudu kuwa yawanci da pampo muke dogara, na pampo kuma saye ake. Don haka a yi lissafi tun farko. Fangali mai faɗin mita 1 da tsawon mita 5 yana shan kamar lita 30 a rana lokacin sanyi, wato arozuwar (butar ban ruwa) 3 masu cin lita 10. A ba shi rabi da sassafe, rabi da yamma. A rufe ƙasar da ɓawon gyaɗa ko karmami don ta riƙe laima.

Ƙasar bola tana da taki, amma tana da mugun abu. A kwashe ta sama, a tsince kwalba, allura da tsohon batir. Inda aka zubar da baƙin mai, kada a shuka abin ci. A haƙa rami a gefe, a riƙa zuba kashin awaki, toka da ganye, ana yayyafa ruwa ana juyawa. Cikin wata 2 zuwa 3 taki ya nuna.

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu a sa salati, shu, tumatir da karoti. Zogale ya bi gefen darni, domin yana jure zafi kuma ana tsinkarsa duk shekara. A bar wuri ƙarƙashin inuwa, a shimfiɗa tabarmi, tsofaffi su huta, ajin yaƙi da jahilci ma ya zauna can.

Kuɗin iri da na ruwa su fito daga asusu. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu, domin a jihar Maradi aka fara ƙungiyoyin asusu na Mata Masu Dubara a 1991. A zaɓi mai riƙe akwati, da wani dabam mai rubuta shiga da fita.

Aikin gida: garkarku tana da fangali 12. Arozuwar nawa za ku ɗebo a rana? Lita nawa ke nan a mako? Bayan haka, ku rubuta layi 3 zuwa ga meri kuna roƙon aron fili, ku kawo mu karanta tare.