Yadda ake haƙa lambatun ƙofar gida ruwa ya wuce bai kwanta ba

Mu dai sai hadari ya haɗo muke tunawa da lambatu. Alhali Maris da Afrilu ne lokacin aikin, ƙasa a bushe, tun kafin ruwan Agusta ya same ka da shebur a hannu kuna ta da jijiyar wuya da maƙwabci.

Kada ka ɗaga diga sai ka san inda ruwan zai je. Bi layinku da ƙafa har inda yake zuba, ko kwalbatin bakin titi, ko kududdufi, ko wani kwari. In an cike kududdufin unguwarku an yanka filaye, maganar ta fi ƙarfin mutum ɗaya, ku kai ta wurin mai unguwa a yi gayya.

Daga can mazubar ake fara haƙa, a tako zuwa gida. Nan mutane suke faɗuwa, ni ma nan na faɗi. Shekarar da na yi nawa, daga bakin rariya na soma, na zurfafa shi har gwiwa ina ta jin daɗi. Sai da na isa kwalbati na ga bakinsa ya fi gindin ramina tudu. Ruwa ya kwanta a tsakiya ya yi kore, sauro ya samu gida, gindin katangarmu ta ƙasa ya sha ruwa har ta tsage. Gangara ce ke kora ruwa, zurfi kuwa tara shi yake yi.

Kuma ido ba ya auna gangara, duk wanda ya ce maka "ai na gani" kada ka yarda. Sayi farin tiyo siriri da ake hango cikinsa, irin na magina, mita 15 ya isa. Cika shi da ruwa, ka tabbata babu kumfar iska ko ɗaya a ciki, don ita ce ke sa awo ya yi ƙarya. Kafa turke biyu, mita 10 tsakaninsu. Kai ka riƙe baki ɗaya a jikin turke, yaro ya riƙe ɗayan, ku jira ruwan ya daina rawa, kowa ya ja layi da gawayi daidai inda ya tsaya. Layukan nan biyu tsayinsu ɗaya. In daga layin turken sama zuwa gindin rami santimita 50 ne, na ƙasa ya zama 60. Wato kowace mita a sauka da santimita 1. Ja igiya tsakanin layukan biyu, ka riƙa auna zurfin daga jikinta kana haƙa, sannan ka matsar da turke gaba.

Bar taku ɗaya aƙalla tsakanin ramin da katanga. Faɗin shebur biyu ya ishi gida guda.

Siminti ya yi tsada, na sani. In kuɗin ba su kai ba, daɓe gindin tukuna, gefe ya jira, sai dai a kwantar da bakin ramin kada a yanke shi a tsaye, zai rufta. In da hali, bulo inci 6 a cika shi da kankare. Ni ba na son lambatun da aka rufe ruf, a sa murafen da mutum biyu za su iya ɗagawa.

Kafin ka sallami birkila, kira ɗan garuwa ya juye jarka biyu a bakin rariya, ka jefa guntun kara ka bi shi. Inda ya tsaya, nan za a gyara. Yashi da ledar fiya wata da za ka riƙa kwashewa kuma a zuba a baro a kai su nesa, in ka tara a baki ruwan farko zai mayar maka da su.