Yadda ake zaɓen shant na batirin sola

Mutane da yawa sun dame ni da tambaya kan wane shant (ɗan ƙarfen da ake sawa a layin wayar batir don auna wutar da ke wucewa) za su ɗaura don mita ta riƙa nuna musu wutar da batir ke ci da wadda yake bayarwa, to ga shi nan a taƙaice.

1. Raba wat ɗin inbata da bolt ɗin batir. Inbata 3000W a kan 24V, 125A ke nan, wato amfiya 125.
2. Ƙara sarari a kai, kar wutar yau da kullum ta wuce kashi biyu cikin uku na ƙarfin shant ɗin. Ɗauki na 200A.
3. Duba bayan mitarka, shant mai 50mV (milibolt) take so ko mai 75mV. Nan ake yawan tafka kuskure wallahi, in ba su dace ba lambar da za ta nuna maka ƙarya ce tsagwaronta.
4. Nemi wanda aka yi da ƙarfen da ake kira manganin, zafi ba ya canja shi sosai.
5. Lissafa zafinsa: na 200A/75mV a 125A yana fitar da kusan 6W, a ba shi iska.
6. Cire wayar batir kafin ka taɓa komai.
7. Ɗaura shi a ɓangaren nagatif, duk wayoyin nagatif su bi ta cikinsa har na caja.
8. Siraran wayoyin mita a ƙananan sukurori za su zauna, ba manyan ba.
9. Ɗaure manyan tamau, sako-sako ne ke ƙona waya.